Kafin Ruwan Farko: Darasin Askin Alfaka Ga Masu Kiwon Gida A Suleja

A watan Maris, da zarar rana ta take a Suleja, kowa inuwa yake nema. Kwanon rufi ya ɗau zafi, ruwan randa ya yi ɗumi, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka. In ka leƙa gidaje a Kwamba ko Maje ko Kurmin Sarki ko Madalla a irin wannan lokaci, da wuya ka rasa rago ko tunkiya a ɗaure a turke a wani lungu na tsakar gida, baki buɗe ana haki, kusa da inda yara ke wasa, kuma ba nisa da murhu.

Wannan dabba ita ce asusun gidan. Da yawa daga cikin tumaki da awakin da ke cikin gari na mata ne, an saye su da kuɗin adashi ko ribar ƙosai da ɗinki. Da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake yanka ragon suna, su ake sayarwa idan rashin lafiya ya zo ba shiri. Amma duk da wannan daraja tasu, a yawancin gidaje ba a duba lafiyarsu sai ranar da suka ƙi cin abinci. Sau da yawa kuwa ranar nan an riga an makara.

A wasu sassan duniya akwai masu ƙananan gonaki da ba su da damar yin irin wannan sakaci, saboda dabbar da suke kiwo tana tilasta musu su kama ta su dudduba ta sau ɗaya a shekara, kafin zafi ya shigo. Sunan dabbar alfaka. Ba mu da ita a nan, amma yadda ake yi mata aski yana da darasi ga duk mai rago a tsakar gida.

Wace ce alfaka?

Alfaka 'yar'uwar raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo, kuma girmanta bai fi na ƙaton rago da yawa ba, don nauyinta kan kama daga kilo 50 zuwa 80. Tana da dogon wuya da manyan idanu, jikinta kuma lulluɓe yake da ulu mai laushi. Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, inda ake kiwonta tun shekaru dubbai a wuraren da tsayinsu ya haura mita 3,500, masu tsananin sanyi da dare. Har yau ƙasar Peru ce ke da mafi yawan alfakar duniya. Daga baya an kai ta Ingila da Amurka da Ostireliya, inda iyalai masu 'yar gona kan ajiye biyar ko goma ko ashirin. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2024 a matsayin shekarar raƙuma da danginsu, alfaka na ciki.

Matsalar alfaka ita ce ulunta ba ya zuba da kansa. Kullum ƙaruwa yake yi. Abin da ya kare ta daga sanyin tsauni shi ne zai iya kashe ta in zafi ya zo, kamar mutumin da aka naɗe da bargo uku aka zaunar da shi a rana. Saboda haka dole a aske ta kafin zafi. A Ingila da Amurka ana yi ne tsakanin Afrilu da Yuni, bayan sanyi ya wuce. A kan samu kilo biyu zuwa huɗu na ulu a jikin dabba ɗaya.

Tumakin ulu ma haka suke. A shekarar 2015 an tsinci wani rago a daji kusa da Canberra, babban birnin Ostireliya, wanda ya yi shekaru ba aski. Da ƙyar yake tafiya. Da aka aske shi, ulun da aka cire ya kai kilo 41, wato ya kusa nauyin buhun siminti.

Yadda ranar aski take

A ƙaramar gona, ranar aski kamar ranar gayya ce a wajenmu. Mai askin ƙwararre ne da ke yawo gona-gona da injinsa, kuma tun da watanni ake kama rana da shi. Maƙwabta kan zo su taya. Ana kwana da dabbobin a rufe don kada ruwa ko raɓa ya jiƙa su, domin jiƙaƙƙen ulu ba ya askuwa da kyau, kuma ruɓewa yake yi a buhu.

Ana kwantar da alfaka a kan shimfiɗa ko tebur, a ɗaure ƙafafun gaba da na baya a miƙar da su don kada ta zabura reza ta yanke ta, mutum ɗaya kuma ya riƙe kai. In ta fusata takan tofa wa mutum abin da ke cikinta, kamar yadda raƙumi ke yi. Ana fara cire ulun gadon baya da haƙarƙari, wanda ya fi laushi da tsada, a ware shi daban, sannan na wuya da ƙafafu da ciki. Gwani kan gama da guda cikin 'yan mintuna.

Sai dai ulun rabin aikin ne kawai. Tun da dabba tana kwance a hannu, ba a sakinta sai an yanke mata farce, an duba haƙoranta, an yi mata allurar rigakafi, an kuma rubuta abin da aka gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ake ganin ta yi ƙiba saboda tulin ulu, sai a tarar ƙashi ne da fata. Wadda ke da ƙwarƙwata ko gyambo ko ƙari, ranar ake ganewa. Masu irin wannan kiwo sun san cewa ko da ulun bai biya kuɗin mai aski ba, ranar ta biya kanta.

Me ya sa ba a yi wa namu aski?

Tumakin da muka sani a Najeriya, wato 'yanƙasa da uda da balami da gajerun tumakin kudu, gashi gare su, ba ulu ba. Gashin gajere ne, kuma yakan zuba da kansa ya sake fitowa. Wannan ne ya sa suke jure zafin da tunkiyar Turai ba za ta iya ba. A Afirka ta Yamma akwai tumakin ulu, amma a wurare kaɗan: tumakin Masina a ƙasar Mali, waɗanda masaƙan Fulani ke saƙa barguna da ulunsu, da danginsu da ake samu a bakin kogin Kwara ta wajen Tillaberi a Jamhuriyar Nijar.

Wannan sauƙi ne a gare mu, amma ya zo da nasa rashi. Tun da babu abin da ke tilasta mana kama rago mu kwantar da shi, babu wata rana a shekara da aka tsayar don duba shi. Wankan da akan yi masa ana jibi Sallah na kwalliya ne, don ya yi fari a idon mai saye ko maƙwabta.

Lokacin da ya fi dacewa a tsayar da irin wannan rana a Suleja shi ne ƙarshen bazara, kafin ruwa ya zauna. A nan ruwa kan fara sauka ne tun wajen Afrilu, da wuri fiye da Kano ko Katsina, kuma damina kan kai Oktoba. Da damshi ke zuwa da kaska da tsutsar ciki da ruɓewar kofato. Ga shi kuma dabba ta fito daga rani a rame, ba ta da ƙarfin jure ciwo. Ƙari a kan haka, Babbar Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2023 ta kama ƙarshen Yuni, a 2024 tsakiyar Yuni, a 2025 farkon Yuni, daga nan kuma sai Mayu, sannan Afrilu. Wato turkar ragunan layya a waɗannan shekaru tana faɗawa ne cikin tsakiyar zafi da farkon ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za a duba a ranar

A zaɓi safiya, kafin rana ta yi zafi. A samu manya biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya duba. A tanadi ruwa da sabulu da burushi da almakashi da safar hannu, ko aƙalla leda mai kauri da za a sa hannu a ciki.

A fara da gadon baya. A ɗora hannu a kan ƙashin baya, bayan haƙarƙari na ƙarshe. In ƙashin yana sukar hannu kamar bakin zarto, dabbar ta rame, ko da cikinta ya yi tulu. Babban ciki da ramammen baya alama ce da ke buƙatar likita. A cikin gari, ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne leda. Tunkiyar da ake saki tana kiwo a bola tana haɗiyar leda, ledar ta dunƙule a tumbi, ta hana abinci wucewa, dabba ta yi ta ramewa ana ta ɗura mata maganin tsutsa a banza.

Sai fata. A taje tsohon gashin da ke zuba da burushi, a buɗa gashi ana dubawa: cikin kunne, hammata, tsakanin cinyoyi, ƙarƙashin wutsiya, da tsakanin kofato, domin nan kaska ke maƙalewa. Ragon 'yanƙasa yana da geza a wuya da ƙirji, inda ƙwarƙwata ke ɓuya. Duk inda gashi ya cukurkuɗe, ko zawo ya ɓata shi a bayan wutsiya, a rage shi da almakashi, don ƙuda kan yi ƙwai a irin wurin, tsutsa ta shiga nama. Iyakar askin da ragonmu ke buƙata ke nan. In an ga ɓawo-ɓawo ko inda gashi ya zube a zagaye, a sani cewa makenkero da ƙazuwar dabba suna iya kama mutum, musamman yaran da ke rungumar 'yan tumaki. Kaska kuma kada a murtsuke ta da yatsa. A cire ta da hantsaki a jefa a wuta ko kananzir, domin wasu kaskoki suna ɗauke da cututtukan da ke kama mutane.

Sai ido. A ja fatar ido ta ƙasa a duba launin cikinta a haske. Ja mai kyau alamar isasshen jini ne. In ya yi fari-fari, tsutsar ciki mai shan jini tana aiki. Likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu ne suka tsara wannan hanya mai sauƙi, kuma yanzu ana amfani da ita a ƙasashe da dama. Kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa shi ma alamar jini ya yi ƙasa ne, ko dai saboda tsutsa ko ciwon hanta.

Sai baki. Haƙoran gaba na ƙasa su ne takardar haihuwar rago. In manya biyu sun fito a tsakiya sun maye gurbin na nono, ya shekara ko ya ɗan haura. Ƙuraje masu ɓawo a leɓe kuma kada a ɓamɓare su da hannu tsirara, don sukan fito wa mutum a yatsa.

Sai kofato. Dabbar da ke ɗaure a turke ba ta takawa a tsandauri, saboda haka kofatonta kan yi tsawo ya lanƙwashe, taɓo da kashi su taru a ciki. Da damina nan ruɓa ke farawa, da wari da ɗingishi. A sa wanda ya iya ya rage shi kaɗan-kaɗan har tafin ya daidaita. Wanda ya yanke da wuƙar da ta taɓa kashin dabba ya wanke ciwon da sabulu nan take, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora. Mai niyyar layya kuma ya san cewa bayyanannen ɗingishi da ciwo da rama da harin ido duk aibobi ne da ke hana dabba isarwa.

Daga ƙarshe sai turken kansa. A kwashe taki a kai gona ko a tara nesa da rijiya da madafa. A ɗaga wurin da yashi ko tsakuwa don kada ruwa ya kwanta. A yi rumfa, ko da ta zana ce ko buhu. A zafin Maris babban rago kan sha lita huɗu zuwa shida a rana ko fiye, don haka ruwan kwano ɗaya da safe bai isa ba. Dusa da ƙowa da ragowar tuwo kuma a riƙa ƙara su sannu a hankali tare da harawa, domin hatsi mai yawa lokaci ɗaya yana kumbura ciki, har ya kashe rago a dare ɗaya.

Magani da rigakafi

Aikin allura na likitan dabbobi ne. Abin da ke kan mai gida shi ne ya neme shi kafin ciwo ya zo. Akwai rigakafin cutar PPR, wadda ke zuwa da zazzaɓi da majina da zawo ta share garken awaki da tumaki. Ba ta kama mutane, amma tana cinye jari. Allura ɗaya tana ba da kariya ta aƙalla shekara uku, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki a can tun 1924, tana haɗa wannan rigakafi. Maƙwabta biyar ko goma za su iya haɗuwa su kira likita rana ɗaya, kamar yadda masu alfaka ke haɗuwa su kira mai aski. Kwalbar rigakafi ta dabbobi da yawa ce, kuma in an haɗa ta ba ta kwana.

Maganin kaska guba ne. A auna shi yadda aka rubuta a jikin kwalba, kada a yi amfani da maganin feshin gona a jikin dabba, kada yara su taya wankan, kada kuma a zuba ragowar a gorar lemo a ajiye a ɗaki. Ruwan wankan a zubar nesa da rijiya da kwata. Haka nan kowane maganin tsutsa ko allurar kashe ƙwayoyin cuta yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Wasu kan kai mako huɗu ko fiye. Ragon da aka yi wa allura ana saura kwana uku Sallah, iyali ne za su cinye ragowar maganin a cikin soye. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta rana da sunan magani.

Sabon ragon da aka sayo, musamman manyan uda da balami da ake kawowa daga can arewa, a ɗaure shi daban na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa shi da na gida. Mace mai juna biyu kuma kada ta karɓi haihuwar tunkiya ko akuya, kada ta taɓa mahaifa ko ɓarin dabba, domin wasu cututtukan da ke sa dabba ɓari, irin su bakkale, suna kama mutum. Nono kuwa a tafasa kafin a sha.

Abin da ya faru a Gajiri

Wanda yake ganin wannan magana ta yi nisa, ya tuna watan Yulin 2023. A ranar 14 ga watan aka sanar da ofishin Babban Likitan Dabbobi na Ƙasa cewa dabbobi suna mutuwa farat ɗaya a wata gona mai shanu da tumaki da awaki a Gajiri, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, jini yana fita ta hanci da ido da kunne da dubura. Aka ɗebi samfuri aka kai Vom. Cikin kwanaki kaɗan Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa an tabbatar da cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a ƙaramar hukumar Suleja. Wata guda kafin nan, Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta riga ta yi gargaɗi a kan cin ganda saboda ɓullar cutar a arewacin Gana. An killace gonar, an yi wa dabbobin kewaye rigakafi. A farkon 2025 kuma an sake tabbatar da cutar a Jihar Zamfara.

Wannan cuta tana da tsohuwar alaƙa da ulu da gashin dabbobi. A shekarar 1836 wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Titus Salt ya ci karo da dilolin ulun alfaka a wani sito a Liverpool, ya gano yadda za a saƙa shi, ya yi arzikin da har ya gina katafariyar masaƙa kusa da Bradford a 1853. Birnin ya zama cibiyar shigo da ulu da gashin awaki daga ƙasashe daban-daban. Sai ma'aikatan da ke buɗe diloli suna tantance ulu suka fara mutuwa cikin kwana biyu ko uku bayan zazzaɓi da ciwon ƙirji, har aka laƙaba wa ciwon sunan sana'arsu. A 1879 wani likitan garin, John Henry Bell, ya nuna cewa ciwon saifa ne suke shaƙa a cikin ƙurar gashin dabbobin da suka mutu da cutar a ƙasashe masu nisa. Sai a 1921 gwamnatin Ingila ta buɗe wurin tsabtace irin wannan kaya a Liverpool.

Abin lura a nan shi ne, dabba ta mutu, an yi tafiyar watanni da gashinta a jirgin ruwa, amma cutar tana nan da ranta. Ƙwayar cutar, da zarar jinin dabba ya haɗu da iska, takan rikiɗe ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna shekaru gommai a cikin ƙasa ko fata ko ƙashi. Shi ya sa ake yawan ganin ɓullarta bayan dogon rani, in ruwan farko ya tono ƙasa, dabbobi kuma suna cizgar gajeriyar ciyawa har da turɓaya.

Mutum kan kamu ta hanya uku: ta fata in ya feɗe ko ya taɓa, ta ciki in ya ci naman, ko ta huhu in ya shaƙi ƙurar. Ta fata ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Takan fara kamar cizon ƙwaro mai ƙaiƙayi a hannu ko wuya ko fuska, ta zama ƙurji, tsakiyarsa ya yi baƙi kamar gawayi, gefensa ya kumbura, kuma yawanci ba ya zafi. Rashin zafin ne ke yaudarar mutane su zauna a gida. In an je asibiti da wuri tana warkewa da magani. A gaya wa likita cewa an taɓa dabba ko fata, don wannan bayanin ne zai sa ya gane da sauri. Ba kasafai cutar ke tashi daga mutum zuwa mutum ba, saboda haka babu dalilin gudun mai ita.

Rigakafinta ga dabbobi ya daɗe. Louis Pasteur ya gwada nasa a kan tumaki a Faransa a 1881, wanda ake amfani da shi yau kuma wani likita mai suna Max Sterne ne ya samar da shi a Afirka ta Kudu a shekarun 1930. Ana yin sa sau ɗaya a shekara, kuma ya fi amfani in an yi kafin damina.

"A kawo wuƙa kafin ta mutu"

Babban haɗarin yana cikin wata al'ada da kowa ya sani. Da an ga rago ya faɗi yana shure-shure, sai a yi ihun a kawo wuƙa kada ya zama mushe, a feɗe a raba wa maƙwabta ko a sayar da araha. Ba mugunta ke sa haka ba. Matar da ta shekara tana tara kuɗin dusa ba za ta so ta ga jarinta ya tafi rami ba. Amma yanka yana halatta nama ne, ba ya kashe cuta. Asarar rago ɗaya ta fi sauƙi a kan jinyar gida guda.

Duk dabbar da ta kwana lafiya ta faɗi farat ɗaya, musamman in baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ko gawar ta kumbura da wuri ba ta sandare ba, kada a yanka, kada a feɗe, kada a cire fatar don buzu ko ganda, kada a ja ta a ƙasa zuwa bola ko rafi. A rufe ta da leda ko tamfol, a kori yara da karnuka da kaji, a ware sauran dabbobin, a kira likitan dabbobi ko ofishin gona na ƙaramar hukuma. Su za su nuna yadda za a ƙone ta ko a binne a rami mai zurfin kimanin mita biyu, nesa da ruwa. Wanda ya riga ya taɓa ya wanke hannu da sabulu ya je asibiti ba tare da jiran alama ba.

Suleja gari ne mai cunkoso. Dubban masu aiki a Abuja nan suke kwana, gidajen haya sun cika, a gida ɗaya sai ka samu iyali biyar suna shan rijiya ɗaya, turken mutum ɗaya yana ƙofar ɗakin wani. A irin wannan zama, lafiyar ragon maƙwabci lafiyar 'ya'yanka ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle Gajiri ba wata uwa duniya ba ce daga cikin gari.

Mai alfaka a ƙasar Turawa ulun dabbarsa ne ke tuna masa cewa lokaci ya yi. Namu ragon Allah Ya hutar da shi daga aski, don haka tunawar ta rage gare mu. A zaɓi Asabar ɗaya kafin ruwa ya zauna, a gaya wa maƙwabta, a kira likita, a kama dabbobin ɗaya bayan ɗaya daga kunne har kofato. Aikin bai fi na hantsi ɗaya ba.